Zan auri 'yar Aceh, ina son sayen fili a ƙauyensu na bakin teku, ya abin yake?

"Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗan Najeriya ne ina karatu a Malesiya, saura kaɗan in gama. Akwai wata 'yar Aceh da muke makaranta ɗaya, maganar aure ta yi nisa tsakaninmu, iyayenta suna wani ɗan ƙauye a bakin teku a yankin Lhoong. Ta nuna min hotuna wajen ya shiga raina sosai, kuma an ce fili a can ba tsada. Ina tunanin in sayi fili kusa da ruwa in gina gida da 'yan ɗakunan saukar baƙi, yayanta ya ce ba matsala a saya da sunansa tunda ni baƙo ne. An ce min ka yi aikin filaye a can. Dan Allah ya zaman ƙauyen yake, ya maganar filin, kuma ta ina ake bi a je?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri a wannan niyya ya kuma nuna mana lokacin. In na fahimce ka abu uku kake tambaya, zaman wajen, da mallakar fili ga wanda ba ɗan ƙasa ba, da hanya. Zan taɓa duka amma tun yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi tsaya min a rai, kar ka sayi fili da sunan yayanta, komai kirkinsa. Dalili na nan tafe a ƙasa.

Eh gaskiya ne na yi aikin safiyo a can, da wata ƙungiyar agaji bayan tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ta haddasa, a gaɓar yamma ta gundumomin Aceh Besar da Aceh Jaya, aikinmu auna filaye ne da zama da mutanen gari a tantance iyakar kowa, kuma bayan nan ban yanke zuwa ba. To abin da zan faɗa maka daga wannan gaɓar ne, ita ce kuma inda Lhoong take.

Wajen da kake magana a kai

Aceh lardi ne na Indonesiya a can ƙarshen tsibirin Sumatra ta arewa maso yamma, mutanensa sun ɗan haura miliyan 5, kusan duka Musulmi. Abu biyu ne suka yi wa wajen tambari kuma duk wanda zai zauna a can dole ya san su. Na farko yaƙin da aka yi kusan shekara 30 tsakanin 'yan GAM, ƙungiyar masu neman ɓallewar Aceh, da gwamnatin Indonesiya, wanda aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar Helsinki ranar 15 ga Agusta 2005, daga nan aka yi dokar 2006 da ta ba Aceh damar tafiyar da harkokinta har da shari'a. Na biyu tsunami na ranar 26 ga Disamba 2004, wanda ya ci rai wajen 170,000 a Aceh kaɗai. Lhoong tana cikin inda abin ya fi muni, akwai ƙauyuka irin su Gleebruk da ruwa ya share su ƙaf, shi ya sa in ka shiga ƙauyen za ka ga gidaje iri ɗaya a jere, ƙanana masu ɗaki biyu, faɗinsu murabba'in mita 36, na agaji ne, hukumar sake gina yankin, BRR, da ƙungiyoyi sun gina irinsu wajen 140,000 a faɗin yankin. Kusan kowane gida da za ka shiga akwai wanda ya rasa uwa ko 'ya'ya ko gidan gaba ɗaya. Kar ka zama kai ne mai fara tambaya, in sun saba da kai su da kansu za su ba ka labari.

Ƙauye su gampong suke ce masa, dagacin kuma keuchik, zaɓensa ake yi. Tare da shi akwai limamin gari da majalisar dattawa da suke kira tuha peut, sai meunasah, wato ɗan masallacin unguwa wanda a nan ake salla, a nan yara ke karatun Alƙur'ani, a nan ake taron gari a nan ake sasanta rigima. Dokar Aceh ta 2008 ma ta ware irin rigingimu 18 da aka ce a fara warware su a gari kafin a kai wa 'yan sanda ko kotu. Ka ga kenan mutanen nan huɗu ko biyar da za ka gani zaune a meunasah bayan isha'i ba 'yan hira ba ne kawai, su ne za su sa hannu a takardar iyakar filinka, su ne za a tambaya in an ce wane ne wannan baƙon. Ranar da ka sauka, kafin awa 24 ta cika, ka sa a kai ka wajen keuchik da kwafin fasfonka, ƙa'ida ce a duk Indonesiya amma a ƙauyen Aceh da gaske ake yinta.

Abincin mutane daga teku yake da gonar shinkafa da lambunan kan tudu, kanumfari, kwakwa, da duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya a jiki wanda Lhoong ta yi suna a kansa. Teku tana da nata sarkin, panglima laot, sarauta ce tun zamanin Sarki Iskandar Muda da ya yi mulki daga 1607 zuwa 1636, kuma har gobe maganarsa tana aiki. Ba a fita kamun kifi ranar Juma'a, ba a fita ranakun sallah ƙarama da babba, da 17 ga Agusta ranar 'yancin kai, da 26 ga Disamba, wanda ya karya a riƙe jirginsa na 'yan kwanaki a kuma ƙwace kifin. A al'adar tasu duk wanda aka gani teku za ta ci dole a cece shi ko waye, shi ya sa ka ji masuntan Aceh ne suka jawo jiragen 'yan Rohingya zuwa gaɓa a 2015 da 2020. Akwai lokacin iskar yamma, daga wajen Mayu zuwa Satumba ko Oktoba, teku ta haukace, ƙananan jirage su yi kwanaki a ɗaure, kifi ya yi tsada, kuɗi ya ɗauke a gari, kowa ya koma cin bashi wajen dillalin kifin da ya ba shi man jirgi. Hotunan da aka nuna maka na tabbata na lokacin da ruwa ya kwanta ne.

Ta fuskar addini za ka ji daɗi wallahi, amma ka shirya ganin bambanci. Su Shafi'iyya ne, ana bayyana bisimilla a salla, ana ƙunutu kullum da asuba, in ka taɓa hannun matarka alwala ta karye a wajensu. Maulidi wata uku suke yi, gari ya gayyaci gari, in an yi mutuwa ana taruwa dare bakwai ana addu'a ana ciyarwa, kwana ɗaya ko biyu kafin azumi da kafin kowace sallah akwai meugang, ranar da ko talaka sai ya kai nama gida, kuma sabon ango ana sa ido a ga naman da zai kai gidan surukai. Ko wace fahimta kake bi, kar ka je ƙauyen mutane da gyara a bakinka, malaman makarantun addini na gargajiya da suke kira dayah ke riƙe da wajen kuma ba sa wasa da wannan. Ka je ta'aziyya, ka je aikin gayya, ka zauna a shagon kofi da safe a sha da kai. Yaren gari Acehanci ne, na ofis Indonesiyanci, tunda kana Malesiya na biyun ba zai ba ka wuya ba. Yara za su bi ka da kallo, da yawa ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, amma da an gan ka a sahu sau biyu sau uku magana ta canza.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka. Kafin a ɗaura aure kar ka kwana a gidansu yarinyar, kar ka goya ta a mashin ku tafi bakin teku ku biyu. Dokar laifuka ta Aceh ta 2014 ta sa bulala har 10 a kan keɓewa, kuma suna da Hisbah, sunanta ma Wilayatul Hisbah, sai dai kafin Hisbah ta ji labari samarin gari sun riga sun kama ku, abin kunyar kuma a kan iyayenta zai zauna har abada. Ka bari su sauke ka gidan wani kawunta.

Maganar fili

To nan ne zan daɗe. Dokar filaye ta Indonesiya ta 1960 ta ce cikakkiyar mallaka, wadda suke kira hak milik, ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Sashe na 26 ya ƙara da cewa duk cinikin da aka yi don a miƙa wa baƙo fili, kai tsaye ko ta bayan gida, ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman a dawo da su. Sayen da sunan yayanta shi ne ainihin ta bayan gidan da ake nufi. Za a ce maka ai sai a je wajen notari, wato jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, a rubuta wata takarda a gefe cewa kuɗinka ne, to wannan takardar ranar da ka kai ta kotu ita ce shaidar cewa kun karya doka. Ka bar ma batun kotu, ka ɗauka mutumin kirki ne bai taɓa cin amanar kowa ba, in Allah ya ɗauki ransa fa? Filin ya shiga gadonsa, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa kowa da rabonsa, kotun shari'a kuma sunan da ke kan satifiket za ta duba. In ya ci bashin banki ya jinginar fa? Na zauna a kan irin wannan rigimar, mai kuɗin yana kuka magada suna kuka, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Hanyoyin da doka ta bar maka ba su da yawa. Akwai haya, wannan kowa yana iya yi, har ta shekaru masu yawa in an rubuta a gaban notari. Akwai haƙƙin amfani, hak pakai, na baƙon da ke da takardun zama, shekara 30 ana sabuntawa, amma an sa mafi ƙarancin farashin gidan da baƙo zai saya, a larduna irin Aceh rupiya biliyan 1 ne, gidan ƙauye kuwa ba ya kai nan. Akwai buɗe kamfanin jarin waje wanda shi yana iya riƙe haƙƙin gini, sai dai ana son shirin jari na sama da rupiya biliyan 10, wannan ba na mai ɗaki huɗu ba ne.

Saura sunan matarka, kuma nan akwai tarkon da mutane da yawa ba su sani ba. A dokarsu abin da aka samu bayan aure na miji da mata ne tare, to in 'yar ƙasa ta auri baƙo ba tare da yarjejeniyar raba dukiya ba, filin da ta saya ya zama da rabon baƙo a ciki, doka kuma ta ba da shekara ɗaya a rabu da shi. Wato aurenka zai iya hana ta sayen fili a garin ubanta. Maganinsa ku yi yarjejeniyar raba dukiya wajen notari kafin ɗaurin aure, a shigar da ita a ofishin aure na KUA. Tun hukuncin kotun tsarin mulki na 2016 ana iya yinta bayan aure ma, amma ta kafin ta fi sauƙi. Ka dai gane ma'anarta da kyau, filin nata ne, ba naka ba ne da sunanta. In zuciyarka ta yarda ka ba matarka kyauta saboda Allah, bismilla. In kana jin za ka riƙa cewa filina, to kar ka fara.

Wataƙila ma ba ka buƙatar saye. A Aceh Besar da Pidie miji ne ke tarewa gidan mata, kuma iyaye kan ba 'yarsu gida ko fili bayan aure, suna ce masa peunulang, ana yi a gaban dattawan gari. Na san wannan zai yi wa Bahaushe nauyi, a ce kana zaune gidan surukai, amma a can ba abin gori ba ne, kowa haka ya fara. Abin da za a nema a wajenka sadaki ne na zinare, da mayam ake lissafi, mayam ɗaya giram 3.3 ne ko kusa da haka, na ga inda aka yi 5 na ga 10 na ga sama da 20, ya danganta da gida da karatun yarinya. Kuɗin da ka tara na fili, ka fara cire wannan.

In an zo saye da sunanta, ga abin da aiki ya koya min. Fili mai araha a gaɓar nan yawanci akwai dalilin arahar. Tsunami ta tafi da turakun iyaka da bishiyoyin da ake shaida da su da dattawan da suka san iyakar, takardun ofishin filaye na Banda Aceh, babban birnin lardin, sun jiƙe da laka, ƙasa ta nutse a wasu wuraren har filin wani yanzu yana ƙarƙashin teku. Shirin RALAS da aka yi don sake ba da satifiket ya yi niyyar fili 600,000 bai kai rabi ba. Saboda haka za ka tarar da fili mai satifiket na gaske, da mai takardar keuchik kawai, da wanda satifiket ɗin yana da sunan mamaci magada ba su raba ba, wani magajin yana yaro lokacin yanzu ya girma yana birnin Medan ko Malesiya bai san ana sayarwa ba. Filin da masu shi suka ƙare babu magaji kuma, dokar 2007 ta sa shi a hannun Baitul Mal, ba mai ikon sayar maka. Ga wakafi da yawa wanda ba a rubuta ba, ga gonar da aka jinginar tun shekaru wani yana nomawa. Sannan akwai hak langgeh, wato shuf'a da ka karanta a Risala, sai dai su sun faɗaɗa ta, dole a fara yi wa dangi tayi, sannan maƙwabcin iyaka, sannan mutanen gari, kafin na waje. In aka tsallake su suna iya tayar da cinikin.

Ni in ni ne, ba na biyan ko sisi sai an kai satifiket ofishin filaye na BPN an duba shi da littafinsu, an fito fili da maƙwabta huɗu da keuchik an taka iyaka ana kafa turaku a gabansu, duk magada sun sa hannu, sannan a yi takardar ciniki wajen jami'in da doka ta ba wannan aikin, PPAT. Rasit da sa hannun shaidu biyu a shagon kofi ba ya maye gurbin wannan.

Kusa da ruwan da kake so kuma, doka ta ware aƙalla mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ba a ba da izinin gidan zama a ciki. Ko ba doka ma ni ba zan kwantar da iyalina a nan ba. A cikin Lhoong ɗin nan akwai kogon Ek Leuntie inda masana suka tono ƙasa suka ga sawun tsunami 11 tsakanin shekaru 7,400 da 2,900 da suka wuce, kenan ta 2004 ba ita ce farko ba. A 2004 tsakanin girgiza da isowar ruwa a wannan gaɓar bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Ka tsaya a filin ka duba tudu mafi kusa, ka taka da ƙafa ka ga minti nawa ne, ka tuna da tsohuwa da goyo za a yi gudun. Mutanen tsibirin Simeulue da suka gaji labarin smong daga kakanni, cewa in ƙasa ta girgiza ruwa ya ja baya a hau tudu, mutum 7 kawai suka rasa cikin sama da 70,000. Banda wannan, iskar gishiri tana cin kwano da ƙarfe da mashin, rijiyar kusa da gaɓa kuma ruwan zartsi ne.

Ɗakunan baƙi kam ban ga kasuwarsu a ƙauyen Lhoong ba. Masu zuwa mutanen Banda Aceh ne, su zo Asabar ko Lahadi su yi wanka a magangarar ruwa ta Suhom su ci kifi su koma kafin magariba. Turawa masu wasan igiyar ruwa Lhoknga suke sauka, masu nutso kuma tsibirin Weh. Kuma sai gari ya yarda, sai ka riƙa duba takardar aure ta duk mace da namijin da suka zo, in aka samu matsala sau ɗaya a ɗakinka an rufe wajen kenan.

Hanya

Wahalar farko fasfonka ne. Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ta sa a jerin biza ta musamman, ba a ba mu a filin jirgi, sai wani a can ya tsaya maka, an tantance a Jakarta, kuma yana ɗaukar lokaci, to ka fara da wuri kar ka sayi tikiti tukuna. Bayan aure matarka za ta iya tsaya maka a ba ka izinin zama, in aure ya shekara 2 ka nemi na dindindin.

Daga Kuala Lumpur akwai jirgi kai tsaye zuwa filin jirgin Sultan Iskandar Muda, tafiyar awa ɗaya da rabi, daga Penang ma akwai. Daga Banda Aceh zuwa Lhoong kilomita 50 da 'yan kai ne, ta Lhoknga da Leupung sai a hau duwatsun Paro da Kulu. Titin mai kyau ne, Amurka ce ta sake gina shi har Calang bayan tsunami, amma kan dutsen siriri ne da kwana-kwana, in an yi ruwa mai yawa ƙasa tana zaftarewa, da dare kuma shanu kwanciya suke a kan kwalta, su ne suka fi jawo hatsari. Ƙananan bas L300 da Hiace masu zuwa Calang da Meulaboh suna bi ta wajen, a tashar Lueng Bata ake hawa, a cikin gari kuwa in ba ka da mashin ba ka da ƙafa. Ta hagu suke tuƙi kamar Malesiya. Ka ciri tsabar kuɗi tun daga birni, tun 2021 bankunan Musulunci ne kaɗai ke aiki a Aceh kuma katin waje ba ko'ina yake shiga ba. Akwai ƙaramin asibiti a hedikwatar yankin, babban ciwo ko haihuwar da ta zo da gardama sai Banda Aceh, ka sa wannan a lissafi.

Shawarata, ka je gaisuwa tukuna, in Allah ya yi auren ku zauna inda iyayenta suka ba ku ko ku kama hayar ɗaya daga gidajen agajin nan da ba kowa, suna da yawa kuma ba tsada, ka ga iskar yamma guda da idonka kafin ka zuba kuɗi a ƙasa. Ni safiyo ne ba lauyan Indonesiya ba, kuma ƙa'idojin biza da na farashi ana taɓa su lokaci zuwa lokaci, to yarjejeniyar raba dukiyar da duk wata takardar fili ka kai wa notari a Banda Aceh wanda kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ofishin filaye da kotun shari'a na Aceh Besar kuma a Jantho suke, can cikin ƙasa, daga Lhoong sai ka dawo ta gefen Banda Aceh sannan ka ƙara wata tafiyar kilomita 50, ka fita da sassafe kuma kar ka sa ranar Juma'a.